Yadda ake fara bai wa jariri abinci a wata 6, daga kunu mai kauri zuwa abin ɗauka da hannu

Idan jariri ya cika wata 6, nonon uwa yana nan da amfaninsa, sai dai ya daina isarsa shi kaɗai. Jiki ya girma, kuma ajiyar sinadarin ƙarfe mai gina jini da ya zo da ita daga ciki ta kusa ƙarewa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci, a kuma ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Don haka fara abinci ba yaye ba ne, kada ki rage masa nono saboda ya soma lasar kunu.

A gidaje da yawa a Bauchi, ko da hatsi na nan a ɗaki, abin da ke shiga cikin yaro koko ne tsululu, a zuba a fida ko a ɗura masa. Nan ne ramewa take farawa. Cikin ɗan wata 8 bai wuce ya ɗauki kofi guda ba, wato kimanin mililita 250, rabin ledar ruwan sha ke nan. In kika cika wannan ɗan wurin da abin da yawancinsa ruwa ne, yaro zai ƙoshi, ya saki nono, amma bai samu abin gina jiki ba. Duk abin da ke tafe a kan wannan aka gina shi: kowane cokali ya zama mai kauri, mai maiƙo, mai gina jini.

Ya shirya ko bai shirya ba

Ki duba abu uku tare. Yana zama idan an ɗan tokare shi, wuyansa a tsaye, kai ba ya langaɓewa. Yana kai hannu ya ɗauki abu ya nufi baki da shi. Sannan in kin sa masa ɗan abu a harshe ba ya turo shi waje nan take kamar da. Yawan kuka, tashin dare ko tsotsar hannu a wata 4 ba su nuna cewa nono ya kasa. A ƙara shayarwa ne kawai. Wanda aka haifa bakwaini kuwa, ki tambayi ma'aikaciyar lafiya a wurin awo kafin ki fara.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar tukunya mai murfi, kwano nasa shi kaɗai, ƙaramin cokali mai laushin baki, kofi marar murfi, da rariya. Blanda tana taimakawa, amma cokali mai yatsu da ƙaramin turmi mai tsabta sun wadatar. Turmin da ake daka yaji a ciki bai dace ba. Kwano nasa na daban yana da dalili: shi ne zai nuna miki iya abin da ya ci, abin da ba za ki gane ba in yana sa hannu a kwanon yayyensa. Wanke hannu da sabulu, naki da nasa, kafin kowane ci. Ruwan da zai sha, na famfo ne ko na rijiya ko na 'yan garuwa, a tafasa shi a bar shi ya huce a rufe.

Haɗa garin kunu

Wannan shi ne garin da ake kira Tom Brown, kuma duk kayansa suna nan a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Ma'aunin da gwangwanin madara: hatsi 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Hatsin na iya zama gero zalla, ko gero 2, dawa 2, masara 2.

Fara da tsinta, kuma kada ki yi gaggawa a nan, musamman a gyaɗa da masara. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yamushe, ta yi hunhuna ko ƙwaro ya huda, ki yar. Hunhunar gyaɗa da masara tana barin guba mai lahanta hanta da tauye girman yaro, kuma wuta ba ta kashe ta. Gyaɗa mai araha da ta sha damshin damina ba ta jariri ba ce.

Ki wanke hatsin ki rege tsakuwa, ki shanya a faranti mai tsabta, a sama, ba a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo ba. Waken suya ya fi neman aiki: ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon ki tsiyaye, ki tafasa shi kamar minti 30, sannan ki shanya ya bushe ƙarau. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana ciki narka furotin. Wanda bai ji wuta sosai ba shi ke kawo kumburin ciki da zawo, har uwa ta ce garin bai karɓi ɗanta ba. Bayan komai ya bushe, ki soya kowanne daban a busasshiyar tukunya, da wuta kaɗan, kina juyawa har ya yi ƙamshi ya ɗan sauya launi. Daban-daban, domin gero ya riga waken suya ƙonewa. Ki murje jan ɓawon gyaɗar ki fece.

A wurin niƙa ki tsaya da kanki. Injin da ya gama markaɗa tattasai da attaruhu zai bar yaji a garinki, don haka ki nemi injin busasshen gari, ko a fara wuce ɗan hatsi a ciki. Ki baza garin ya huce kafin ki tankaɗe, saboda in kika rufe shi da zafin inji zai yi gumi ya dunƙule. Ki zuba a roba ko kwalba mai murfin kirki. Ki haɗa wanda zai ƙare cikin mako 3 zuwa 4. Man da ke cikin gyaɗa da waken suya yana sa gari ya canza wari idan ya daɗe, balle a zafin Maris da Afrilu.

Dama shi

Cokalin cin abinci 2 na gari, a cike, da ruwa ɗan fiye da rabin kofi. Ki kwaɓa garin da kaɗan daga ruwan yana sanyi har gudaji su mutu, ki tafasa sauran, ki zuba kwaɓin kina juyawa, ki rage wuta ki bar shi yana dahuwa kusan minti 10. Yadda ake yi wa koko, a sheƙa tafasasshen ruwa a kan kamu a rufe, bai isa dafa wannan garin ba. Bayan kin sauke, ki sa cokalin shayi 1 na man gyaɗa ko manja. Manjan a sa shi da jansa. In aka soya shi har ya yi fari, abin da jiki ke mayarwa bitamin A ya tafi.

Gwajin kauri: ki ɗebo a cokali ki karkata. In ya tsaya, ko ya faɗo a dunƙule a hankali, ya yi. In ya zuba kamar shayi, ya yi ruwa. A kwanakin farko kina iya ɗan sassauta shi da nonon da kika tatsa, ba da ruwa ba. Kunun da zai bi ta kan fida ya riga ya yi ruwa da yawa, ga shi fida tana da wuyar wankewa, ita ce babbar hanyar gudawa. Kofi da cokali kawai.

Makon farko

Ki zaɓi lokacin da ya farka, ba ya jin barci, ba ya kuma kukan yunwa. Hantsi ya fi, don in wani abu bai karɓe shi ba ki gani da rana. Ki ɗan shayar da shi, sannan ki zaunar da shi a cinyarki a miƙe, yana fuskantarki ko gefensa na jingine da ke. Ki kai cokalin kusa da leɓensa ki jira ya buɗe baki. Cokalin shayi 1 ko 2 ya isa a ranar farko, kuma rabinsa a haɓa zai ƙare. Koyo yake yi. Cikin 'yan kwanaki ki kai shi cokalin cin abinci 2 zuwa 3, sau 2 a rana.

Daga wata 6 zuwa 8, ci 2 zuwa 3 a rana, ana ƙarawa sannu a hankali har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, ci 3 zuwa 4 na rabin kofi, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2. Daga shekara 1 zuwa 2, ci 3 zuwa 4, kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi cike. Wata rana zai cinye, wata rana ya bar rabi. Katin awo ne zai gaya miki gaskiya, ba kwanon rana ɗaya ba.

Dame-damen da za su biyo baya

Kada a zauna a kan kunu kaɗai har wata guda. Tun a makon farko ko na biyu a shigo da wasu.

Kabewa ita ce mafi sauƙi. Ki fere yanki kamar tafin hannu, ki yayyanka, ki dafa da ruwa kaɗan a rufe har ta yi lugub, ki dame da cokali, ki ɗiga manja. Ruwa kaɗan, domin in kika dafa da ruwa mai yawa kika tsiyaye, wani amfanin ya bi ruwan. Haka ake yi wa karas da dankalin Hausa, in kin samu mai cikin ruwan lemu ya fi. Dankalin Turawa da doya a dame su da cokali mai yatsu, blanda tana mayar da su danƙo. Ayaba, gwanda da nunannen mangwaro ba sa bukatar wuta, a kankare a dame a ba shi nan take.

Sai dai waɗannan duka ba su ne ke gina jini ba, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A kullum ya kamata a samu ɗaya daga cikin ƙwai, kifi, nama, hanta ko wake.

Ƙwai a dafa shi minti 10 bayan ruwa ya tafasa, har gwaiduwar ta daskare. Ki fara da kashi ɗaya cikin huɗu, fari da gwaiduwa, ki murƙushe a cikin damammen dankali ko kunu, domin gwaiduwa zalla tana maƙalewa a dasashi. Maganar cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba ta da tushe, kuma ta hana yara da yawa abincin da zai gina su. Hanta ta kaza ko ta rago a dafa ta har ba sauran ja a ciki, a goga a rariya ko a daka, cokalin shayi 1 zuwa 2 a cikin fate. Sau ɗaya a mako ya isa, saboda bitamin A ya yi mata yawa. Kifi a dafa, a bare shi da yatsu a faranti, a laluba sau biyu don ƙaya. Busasshen kifi a wanke da ruwan zafi, a cire kai da ƙaya, a sake busarwa a daka ya zama gari, a riƙa barbaɗa cokalin shayi 1. Nama a dafa shi har ya soma wargajewa, a daka da ɗan romonsa. Romo kaɗai ba nama ba ne; abin gina jinin yana cikin tsokar.

Wake a jiƙa a surfe ɓawon kamar za a yi alale, a dafa ya narke, a dame da manja da ɗan albasa. Ba a sa kanwa don ya yi saurin dahuwa. In kin bi abincin wake ko na hatsi da ɗan gwanda, mangwaro ko 'yan cokula na ruwan lemun zaƙi, jiki ya fi tsotse sinadarin ƙarfen da ke ciki. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa ba a bai wa jariri shayi ko da maigida na karyawa da shi a gabansa. Zogale a shanya shi a inuwa, a daka a tankaɗe, a sa rabin cokalin shayi a ƙarshen dahuwa. In ya yi yawa yana ɗaci, yana kuma sakin ciki.

Daga wata 7 zuwa 8, tukunyar gida ma ta zama tasa. Lokacin da kike miyar kuka, kuɓewa ko alayyahu, ki ɗebar masa kafin ki sa barkono, gishiri da dunƙule, ki dama da ɗan tuwo mai laushi. Kuma ki daina tacewa sumul. Ki bar ƙananan gudaji masu laushi, domin yaron da ya kai wata 10 bai saba da su ba yakan ƙi duk abin da ba ruwa-ruwa ba.

Gyaɗa, ƙwai, kifi, waken suya, alkama da madarar shanu su ne suka fi jawo borin jiki. Jinkirta su ba ya kare yaro. A shigo da su ɗaya bayan ɗaya, a bar kwana 2 ko 3 tsakani, don a gane mai laifi. Tunda garin kunun ya haɗa biyu daga ciki, in akwai masu irin wannan matsala a dangi ki fara da kunun gero zalla, sannan ki gwada rabin cokalin shayi na markaɗaɗɗiyar gyaɗa a dame cikinsa. Ƙuraje masu tasowa da ƙaiƙayi jim kaɗan bayan ci, ki dakatar da abincin ki nuna wa likita. Kumburin leɓe ko fuska, amai a jere, numfashi da ƙyar ko jiki ya saki, wannan asibiti ne a take. Yaron da ke da ƙyasbi ko ƙurajen fata masu tsanani, a ga likita kafin a gwada gyaɗa.

Abin ɗauka da hannu

Ba sai ya yi haƙori ba. Dasashi yana tauna. Daga wata 6 zuwa 8 yaro da dukan tafinsa yake damƙa, don haka ki yanka masa abu mai tsawo da kaurin yatsarki, yadda kan zai leƙo daga hannunsa. Gwajin laushi ɗaya ne: ki matsa tsakanin babban yatsa da manuni, in ya murƙushe ba da ƙarfi ba, ya yi. Dafaffen dankalin Hausa, karas da ya dahu lugub, ayaba da aka tsaga gida uku a tsaye, gwanda, wainar ƙwai da aka yanka dogo-dogo, alalen da aka cire masa kafin a sa yaji da dunƙule. Mangwaro yana suɓucewa, ki birkima shi a ɗan soyayyen garin kunun. Masa, da ba a rasa ta a Bauchi, ki soya masa tasa daga ƙullin da ba a sa sukari ba, ki ba shi cikin mai laushi ki bar gefen da ya yi ƙarau. Burodi mai laushi yakan dunƙule a baki, gara a ɗan gasa shi.

Wajen wata 9, idan ya fara tsintar abu da yatsu biyu, sai a koma ƙananan gutsattsari kamar girman ƙwayar wake: dafaffen wake da aka ɗan latse, barin kifi, ƙananan lomar tuwo da aka tsoma a miya. Ki shimfiɗa tabarma ko leda ki bar shi ya ɓata jiki, kina taimaka masa da cokali a gefe don ya samu ya ƙoshi.

Abubuwan da ke toshe maƙogwaro a ɗauke su daga inda hannunsa ke kaiwa: gyaɗa ƙwaya, aya, gurjiya, gugguru, gasasshiyar masara, dabino da ƙwallonsa, magarya, inabi guda, ɗanyen karas, alawa, ƙuliƙuli, tsire da kilishi. A ja kunnen yayye, domin sau da yawa su ne ke sammasa abin da suke ci saboda ƙauna.

Kakari daban, shaƙewa daban

Yaro mai koyon ci zai yi kakari: fuska ta yi ja, ya turo harshe, ya yi tari da ƙara. Wannan jiki ne ke kare kansa, ki natsu ki bar shi ya fitar. Shaƙewa shiru take zuwa: ba kuka, ba tari, ba numfashi, leɓe na sauya launi. Nan take ki kifa shi a kan damtsenki ko cinyarki, kai ya fi ƙirji yin ƙasa, kina tallafe da haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5 da ƙarfi. In bai fito ba, ki juyo shi rigingine, ki sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, ki danna sau 5. Ki ci gaba da maimaitawa yayin da wani ke neman abin hawa zuwa asibiti. Kada ki zura yatsa kina lalube, za ki ƙara tura abin ciki, kuma kada a ba shi ruwa. Duk wanda ke riƙon yaron, har da maigida da kaka, ya san wannan.

Ɗura kuwa a bar ta gaba ɗaya. A kwantar da yaro, a toshe masa hanci, a zuba kunu a tafin hannu zuwa bakinsa yana kuka, hanya ce ta tura kunu cikin huhu, kuma yara suna mutuwa ta haka. Wanda ya tsira yakan tashi yana tsoron kwano. In Inna ko Goggo ta ce haka aka rene mu, ki nuna mata katin awo cikin ladabi, ki roƙe ta ta zauna ta ba shi da cokali. Idan ya kau da kai, ya rufe baki, ya ture hannu, ya gama. Abincin da ya ƙi yau a sake kawo shi bayan kwana biyu. Wani sai an gwada sau 10 ko fiye yake karɓa.

Zuma, gishiri da sauransu

Zuma ba a ba wanda bai cika shekara 1 ba, ko ɗigo, ko a kunu, ko da an dafa. Takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjin babba ke iya kawarwa amma na jariri ba ya iyawa, ta saki guba mai shanye jiki har numfashi. Gishirin da ƙodarsa za ta ɗauka bai kai giram 1 a rana ba, nono da abinci sun riga sun ba shi, dunƙule guda kuwa ya zarce haka. Sukari, lemun kwalba, kunun kanwa da jiƙe-jiƙe duk a bari. Madarar shanu ba ta maye gurbin nonon uwa a wannan shekarar. In za a sa a girki a tafasa ta, kindirmo kuma sai wanda kika san da tafasasshiyar madara aka yi shi. Furar talla ba ki san ruwan da aka dama ta da shi ba. Ruwan sha, 'yan kurɓi a kofi bayan abinci. A kwanakin zafi nono za ki ƙara.

Ajiya da abin da kan biyo baya

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, a bazara awa 1. Kunun da aka zuba a filas tun safe ana bayarwa har la'asar, da zarar ya koma ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta sun samu wurin hayayyafa. Tunda garin yana hannu, dama sabo minti 10 ne. Firji yana riƙe damammen abinci kwana 1 zuwa 2 idan wuta ta tsaya; in an ɗauke ta tsawon yini, ki zubar. Abin da aka ajiye a ɗumama shi har ya yi tururi, sau ɗaya kawai, wanda cokalin bakinsa ya taɓa kuma ba a ajiyewa.

Kashinsa zai canza launi da wari, har ki ga gutsuren karas a ciki, ba komai. In ya yi tauri yana nishi, ki ƙara gwanda, ganye, ɗan mai da nono. Gudawa kuwa kada a ɗora wa haƙori a zauna. Lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da kai komai baki, datti ne ke jawo ta. A ci gaba da nono da abinci, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jiki, a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, da ƙwayar zinki ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14. Bayan ya warke, ki ƙara masa ci ɗaya a rana na mako 2 don ya mayar da abin da ya zube. Jini a kashi, ido ya faɗa, ya kasa shan nono ko yana amayar da komai, a tafi asibiti.

A je awo kowane wata. A wata 6 ake ba da ɗigon bitamin A na farko, a wata 9 allurar ƙyanda. Ki ce a auna masa damtse da tef ɗin nan mai launi uku: ƙasa da santimita 12.5 ya shiga rawaya, yana bukatar kulawa ta musamman. Ƙasa da 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, kuma kunun gida ba zai warkar da ita ba, sai maganin da ake bayarwa a cibiyar lafiya. Haka in nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya wata 2 a jere, ki faɗa wa ma'aikaciyar abin da yake ci, sau nawa, da irin kaurinsa, domin a gano inda gyaran yake.